WUƘAR DA ƘOTARTA CE KUBENTA

Masu iya magana suka ce komai kaifin wuƙa ba ta yanka kubenta. To, akwai wata wuƙa a duniyar nan da ba ta bukatar a ɗinka mata kube, domin ƙotarta ita ce kubenta. Ƙotar tsagi biyu ce, kowane tsagi da kwarmi a cikinsa. In aka ninke ta, sai tsagin nan biyu su kewayo su rungume ruwan wuƙar su haɗiye shi, ba ka ganin komai sai wani ɗan guntun ƙarfe da bai fi tsawon tafin hannu ba. In kuwa za a buɗe, sai su rabu, ɗaya ya yi dama ɗaya ya yi hagu, su zagayo su haɗu ta baya su zama mariƙi. Turawa da suka ga yadda take buɗe fikafikai sai suka raɗa mata sunan ƙwaron nan malam-buɗe-littafi. Ni kam a ganina ko Bahaushe aka ba raɗin sunan ba zai wuce nan ba, don buɗewarta da buɗe littafi duk ɗaya ne.

Duk wanda ya yi zamanin kallon finafinan Amurka da na Canis, a sinima ko a bidiyon maƙwabta, ya san ta ko da bai san sunanta ba. Ita ce wadda ɗan daba yake zarowa daga aljihun baya, ya kaɗa hannu, ka ji ƙwal-ƙwal-ƙwal, kafin ka ƙifta ido ga tsini yana walƙiya. Sunanta na yanka balisong. Garinsu kuwa Taal, a lardin Batangas na ƙasar Filifin.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, ruwan wannan wuƙa ba shi da wani abin mamaki. Ƙarfe ne mai baki ɗaya da tsini, irin wanda kowane maƙeri a kowace ƙasa zai iya bugawa. Duk labarin yana jikin ƙota. Ita ta ba wuƙar suna, ita ta ja mata farin jini, ita kuma ta ja mata zuwa gaban alƙali.

Ƙasar Filifin tsibirai ce sama da 7,000 a kudu maso gabashin Asiya. Babban tsibirinsu shi ne Luzon, inda Manila babban birni take, kuma Batangas tana kudu da Manila, tafiyar 'yan sa'o'i a mota. A tsakiyar lardin akwai wani tafki, a tsakiyar tafkin kuma akwai dutse mai aman wuta, duk sunansu Taal. A 1754 dutsen nan ya yi wata da watanni yana amai har ya binne tsohon garin Taal da ke bakin tafki, dole mutane suka kwashe ya-nasu-ya-nasu suka koma kan tudun da garin yake a yau. A cikin unguwannin wannan gari akwai wata da ake kira Balisong, kuma har gobe a bakin titinta ake baje kolin wuƙaƙen. Mutanen Batangas sun yi suna a ƙasarsu wajen zafin zuciya da rashin ɗaukar raini. Ana yi musu kirari da barako, wato ingarman namiji, kuma da wannan sunan ne ake kiran kofinsu mai ɗaci. Akan ce mutumin Batangas ba ya fita gida ba balisong a ƙugu, kamar dai yadda ba ka raba makiyayi da sanda.

Wa ya fara ƙera ta? Nan fa ake yin ta. Mutanen Taal suna cewa wani maƙerinsu ne mai suna Perfecto de Leon ya fara bugawa wajen 1905. Wasu masu son zuga suna kai ta har shekara ta 800, amma wannan magana ba ta da abin dogaro, babu tsohuwar wuƙa ko rubutu da ya tsaya mata. Su kuma masu tara tsofaffin wuƙaƙe a Turai sai su fito da nasu. Faransawa suna da wata da suke dangantawa da ƙarni na 18, wadda ma'aunin tsawo ce mai ninkewa biyu, da wuƙa ɓoye a tsakiya. A Jamus kuwa, maƙeran garin Solingen sun yi rajistar wata wuƙa mai ƙota biyu tun wajen 1880, wato shekara ashirin da biyar kafin de Leon. Kuma hanyar da irin waɗannan za su bi su isa Filifin a buɗe take, tunda Turawan Sifen sun mulki ƙasar daga 1565 har 1898, an buɗe tashar jiragen ruwan Manila ga fataken duniya a 1834, aka kuma haƙa mashigin Suwez a 1869, tafiya daga Turai ta ragu ƙwarai.

Ko sunan ma ana gardama a kansa. Wasu sun ce unguwar ce ta ba wuƙa suna. Wasu sun ce daga kalmomi biyu ne na harshen Tagalog, bali da sungay, ma'ana karyayyen ƙaho, saboda da ƙahon ɓaunar ruwa, wadda suke noman shinkafa da ita, ake yi wa ƙotar ado. Ka ga ko a nan ɗin ma ƙota aka duba aka sa suna. Tana da wani laƙabin kuma, beinte nuwebe, wato ashirin da tara da Sifaniyanci. Masu hankali sun ce saboda tsawonta santimita 29 ne in an buɗe. Masu hira a bakin kasuwa kuwa cewa suke wani barde ne na Batangas ya kar mutum ashirin da tara da ita a faɗa guda. Kowa ya san wanne ya fi daɗin ji.

Ni dai ban ga abin tayar da jijiyar wuya a nan ba. A ce ma Bajamushe ne ya riga, to sai me? A Turai wuƙar ta zauna ne a matsayin abin sha'awa, a buga kaɗan a sayar a manta. A Taal ne ta zama sana'ar gari, ta shiga aljihun manomi da masunci da ɗan dako, uba ya koya wa ɗa, ɗa ya koya wa jika. Wanda ya haifa daban, wanda ya yi goyo daban, kuma a wurin mutane mai goyon ake kira uwa.

Yana da kyau a dubi halin da Batangas take ciki a 1905 ɗin nan. Shekaru kaɗan kafin nan lardin yana cikin masu arzikin ƙasar saboda kofi, musamman garin Lipa, sai ciwo ya faɗa wa itatuwan wajen 1889 ya kassara gonakin. Ba a farfaɗo ba aka shiga tawayen korar Sifen a 1896. Aka kori Sifen, sai ga Amurka ta saye ƙasar a kan dala miliyan 20 a 1898, kamar wanda ya sayi gona da mutanen ciki. Aka sake ɗaura yaƙi. Batangas na cikin wuraren da suka fi daɗewa suna turjiya, a ƙarƙashin Janar Miguel Malvar. Don a karya shi, Janar Franklin Bell na Amurka ya sa aka tattara mutanen karkara a sansanoni daga ƙarshen 1901, aka ƙone abinci da gidajen da ke waje, dubbai suka mutu saboda cuta da yunwa. Malvar ya miƙa wuya a watan Afrilu na 1902. Shekara tara bayan haka, a 1911, dutsen Taal ya sake amai ya kashe mutum sama da 1,300. To a irin wannan ƙasa ce, wadda kofi ya mutu, dabbobin noma suka ƙare, sana'ar balisong ta tsiro. Sana'a ce ta mutumin da ba shi da jari sai hannunsa da ƙyallen ƙarfen da wani ya yar. Matan Taal suna zaune suna surfani a kan yadin da ake saƙawa da zaren ganyen abarba, mazan suna bayan gida suna ta gugar ƙarfe.

Yanzu bari mu shiga bayan gidan mu ga yadda aikin yake, don a nan ne daɗin labarin yake.

Ba masana'anta ba ce, kuma sau da yawa ba mutum ɗaya ke gama wuƙa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Akwai maƙerin baƙi, wanda suke kira panday, shi ke da wuta da uwar maƙera, shi ke buga ruwan wuƙa ya ba shi ruwa. Daga nan sai a kai wa mai ƙota, wanda aikinsa ya fi kama da na maƙeran farinmu, shi ba ruwansa da babbar wuta, kayan aikinsa almakashin ƙarfe ne da 'yar guduma da magagari da abin huji. Sai kuma mai gogewa da wasawa. Wuƙa ɗaya takan kwana a gida biyu ko uku kafin ta isa teburin mai sayarwa.

Mai ƙota yakan yanko fallen tagulla, ko na farin ƙarfe marar tsatsa, ya kifa shi a kan wani ƙarfe mai kaurin ruwan wuƙar, ya yi ta bugu a hankali har ya lanƙwashe ya zama kamar ɗan ƙaramin indararo. Irin wannan guda biyu zai yi, kuma dole su zo daidai wa daida kamar tagwaye, in ɗaya ya ɗara ɗaya ko da kaurin farce ne wuƙa ba za ta rufu ba. A kai da gindin kowane indararo sai ya ɗora ƙarfe mai kauri don ƙarfi, tsakanin kuma ya shimfiɗa abin ado: ƙahon ɓauna, ko ƙahon barewar dajinsu, ko ƙashin doki, ko baƙin itacen nan nasu mai tauri da ake kira kamagong, dangin kanya. Ya kafe su da 'yan ƙusoshin tagulla, ya bi da magagari har sai yatsa ya wuce bai ji gaɓa ba. Sannan ya huda gindin ruwan wuƙa wuri biyu, ya sa kowane tsagin ƙota a ƙusarsa, ya dandaƙe kan ƙusar. Wannan dandaƙar ita ce jarrabawa. In ya matse da yawa, ƙota ta ƙi juyawa. In ya sassauta, ta riƙa lilo tana ƙara kamar tsohon keke. Babu ma'aunin da zai gaya masa inda zai tsaya, sai kunne da yatsa da shekarun da ya yi yana yi.

Akwai kuma wata 'yar ƙusa da ake kafawa a gindin ruwan wuƙar, wadda tsagin biyu suke cin karo da ita in an buɗe. Da ita da 'yar sakatar da ke can ƙarshen ƙota, mai ƙulle tsagin biyu wuri ɗaya, su ne dukan makullin wuƙar. Babu sifirin a ciki, babu maɓalli. Wannan kuwa hikima ce babba, domin wuƙa mai ninkewa ta yau da kullum illarta ita ce ta rufe a kan yatsun mai ita in ya danna da ƙarfi. Ita balisong muddin hannunka yana damƙe da tsagin biyu, to hannun naka ne makulli, ba ta da hanyar rufewa. Ga shi kuma ana iya buɗe ta da hannu ɗaya, abin da masunci mai riƙe da igiya ko wanda ya hau bishiyar kwakwa ya san darajarsa. Da ita ake yanka igiya, a ɓare 'ya'yan itace, a fere sanda, akwai ma samfurin da aka yi musamman don aski.

Amma fa tsagin biyun nan ba ɗaya suke ba. Ɗaya yana rufe bayan wuƙa, ɗaya yana rufe kaifi. Wanda ya riƙe na bayan yana kaɗawa, ko wuƙar ta dawo ta bugi yatsunsa, gadon bayanta ne zai taɓa shi. Wanda ya riƙe ɗayan kuwa, ranar zai san ta. Shi ya sa 'yan wasa da ita suke kiran wannan tsagin mai cizo. Maƙeran Batangas a jikin mai cizon suke kafa sakata, don hannu ya shaida shi ko a cikin duhu. In aka kafa ta a ɗaya tsagin, sai a ce ƙirar Manila ce. Har yau a Amurka da Turai da waɗannan sunaye biyu ake bambanta sakatar, ko da wuƙar ba ta taɓa shaƙar iskar Filifin ba.

Yaƙin Duniya na Biyu shi ya canza wa sana'ar fuska. Japan ta mamaye Filifin daga 1942, Amurkawa suka dawo, har wata rundunarsu ta sauka a gaɓar Nasugbu, cikin lardin Batangas ɗin, a ƙarshen Janairun 1945. Yaƙi ya ƙare ya bar gawawwaki da kufai, ya kuma bar tsibin ƙarfe irin wanda maƙeran ƙauye ba su taɓa mafarkin gani ba. Motocin jif da sojoji suka bari su ne mutanen ƙasar suka ƙara wa tsawo da kujeru da fenti suka zama motocin haya da ake kira jeepney. Sifirin ɗin irin waɗannan motoci da boris ɗinsu kuwa sai suka zama ruwan wuƙa, ga tagullar kwanson harsashi, ga alminiyam, duk suka samu shiga jikin ƙota. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, don maƙeranmu ma sun daɗe da gane cewa sifirin mota ya fi kowane ƙarfe yin adda, kuma tsohon alminiyam ake narkawa a zuba tukunya. Ƙarfen boris shi ya fi daraja a wurin mutanen Taal. Mai sayarwa yakan ajiye kwabon peso a kan katako ya caka masa wuƙar, ta huda shi, ya nuna wa mai saye tsinin bai lanƙwashe ba.

Sojojin Amurka da suka koma gida sun tafi da ita a jakunkunansu a matsayin tsaraba. Ta daɗe a can ba ta yi wani tashe ba, sai a ƙarshen shekarun 1970. Abu biyu suka haɗu. Na farko, wasan faɗa na Filifin da ake kira arnis ko eskrima ya samu masu koyarwa a Amurka, babbansu Dan Inosanto, almajirin Bruce Lee kuma abokinsa. Wani ɗalibinsa, Jeff Imada, mai tsara faɗa a finafinai, ya fitar da littafi a kan sarrafa balisong a 1984, masu shirya fim kuma suka gane cewa babu abin da ke nuna mugu a majigi kamar ya fito yana juya ta. Na biyu kuwa wani saurayi ne ɗan asalin Filifin a jihar Kalifoniya, mai suna Les de Asis. A 1979 ya zana irin wadda yake so, ya samu wani ya wasa masa ruwan, ya sa wani ƙaramin shagon injin ƙarfe ya yanka masa ƙota, ya haɗa ta da hannunsa a garejin gidansa. Kamfanin da ya kafa sun ce da ya kai ta wani shagon sayar da bindigogi, mai shagon cewa ya yi ko zai iya kawo guda ɗari. Daga nan ya kafa kamfani mai suna Bali-Song, ya koma Pacific Cutlery, ya karye, ya sake tashi da sunan Benchmade a ƙarshen shekarun 1980, ya ƙaura zuwa jihar Oregon a 1990. Tambarin kamfanin malam-buɗe-littafi ne. Sunan Bali-Song kuma rajistarsa aka yi a matsayin alamar kasuwancinsu. Wato sunan unguwar talakawa a Taal, an tsaga shi biyu da ɗan layi a tsakiya, ya zama dukiyar kamfani a wata nahiya.

Ba zan ce de Asis ya yi sata ba, don jininsa na can ne, kuma ya yi aiki mai kyau. Amma ƙotarsa ba irin ta Taal ba ce. Maimakon falle da ake lanƙwasawa da guduma, tasa daga dunƙulen ƙarfe ake fitar da ita, a fafe kwarmin, a huhhuda jikinta don rage nauyi. Daga baya suka koma wani ƙarfe mai tsada da ake kira titaniyam. Dalilin yana ga awo. In ka ɗauki guntaye masu girma ɗaya, tagulla ta ninka ruwa nauyi kamar sau 8 da rabi, baƙin ƙarfe kusan sau 8, titaniyam sau 4 da rabi, alminiyam kuwa bai kai sau 3 ba. Ga manomi nauyin ƙota ba komai ba ne. Ga mai wulwula ta a kan yatsa kuwa, nauyin da inda nauyin ya kwanta shi ne komai. Ƙota mai nauyi tana da zafin juyi amma tana gajiyar da hannu, marar nauyi kuma ba ta ɗaukar kanta ta zagayo. Daga lokacin nan aka daina auna ƙota da ƙarko da ado kawai, aka koma auna ta da yadda take rawa.

Da abu ya yi kasuwa kuwa sai 'yan kwaikwayo su shigo. Masana'antu a wasu ƙasashen Asiya suka riƙa zubo ta jibgi-jibgi, da ƙotar da ba a lanƙwasa ba, ba a kuma fafe ba, narkakken ƙarfe ne mai araha ake zubawa a mazubi. Tana ƙyalli a kanti, amma ta faɗi ƙasa sau biyu sai ta tsage a wurin ƙusa. Araha ba ta ado. Sai dai arahar ce ta kai wuƙar hannun yaran makaranta a ƙasashe da yawa, daga nan kuma hukuma ta shigo.

A gaskiya gida aka fara. Bayan Shugaba Marcos ya kafa dokar soja a watan Satumba na 1972, cikin dokokin farko da ya sa wa hannu akwai ta 9, wadda ta hana fita waje da makami mai kaifi in ba kayan neman abinci ba ne, ta kuma ambaci balisong da sunanta, da hukuncin ɗaurin shekara biyar zuwa goma. A 1978 aka sassauta hukuncin. A Ingila aka sa ta cikin haramtattun makamai a dokar 1988. Abin lura, da masu dokar suka zo siffanta ta ba su yi maganar tsawo ko kaifi ba, ƙotar suka siffanta, suka ce wuƙa ce da mariƙinta ke rufe ta, yana kuma rabewa biyu ta tsakiya. Jamus ta haramta ta a 2003. A Japan kuwa abin baƙin ciki ne ya jawo. A watan Janairun 1998, a garin Kuroiso, wani yaro ɗan shekara 13 ya kashe malamarsa da ita a cikin makaranta, jihohin ƙasar da dama suka hana sayar wa yara. Babu mai hankalin da zai raina wannan. Wuƙa wuƙa ce, kuma wadda ke sa yaro jin shi wani ne ta fi haɗari, ko da a wajen sauri ba ta kai wuƙar da ba ta ninkewa ba.

Ta Amurka ce mai ban takaici. Suna da wata doka tun 1958 a kan wuƙaƙen da ke buɗewa da kansu. Hukumar kwastan ta ce balisong ma ta shiga ciki, tunda kaɗa hannu ke buɗe ta, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta goyi bayansu a 1988. Sakamakon haka, shigo da ita daga waje ya haramta, amma ƙera ta a cikin gida yana nan, kuma jihohi da yawa sun yarda a mallaka. Kasuwar da ta fi kowace kuɗi ta rufe ƙofa ga maƙerin Taal, ta bar wa kamfanonin gida fili. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wani abin mamaki, duk wannan bai kashe ƙirar hannu ba, wuri kawai ta sauya. Samarin da suka ɗauki juya wuƙar nan a matsayin wasa, musamman bayan ta shiga wasannin kwamfuta irin su Counter-Strike a 2014 da hotunan bidiyo na intanet, su ne suka fi kowa sanin takaicin karyewar ƙotar zubi. Mai kyau ta kamfani kuwa kuɗinta ɗaruruwan daloli ne. Sai wasunsu suka koma gareji. Mutum ya sayo sandar alminiyam ko tagulla, ya cire ruwan tsohuwar wuƙarsa, ya zauna da zarto da magagari da abin huji yana yi mata sabuwar ƙota. Da yake fafe kwarmi a dunƙulen ƙarfe sai da inji, yawanci sukan bi hanya mai sauƙi, su yanka falle biyu ga kowane tsagi, su sa ɗan ƙarfe a tsakani, su ɗaure da noti. Matsalolin da suke kuka da su kuwa su ne dai waɗanda mai ƙota a Taal ya sani tun zamanin kakansa: huji biyu su zo daidai, kaifi kada ya taɓa cikin ƙota, juyi kada ya yi tauri kada ya yi lilo. Da yawansu ma ba ruwansu da kaifi. Akwai samfurin koyo, wanda a madadin ruwan wuƙa aka sa dakusasshen ƙarfe mai huji-huji, ba ya yanka ko tumatir, kuma akwai kamfanonin da da shi suka yi suna. An wayi gari ana sayen balisong da babu wuƙa a cikinta, ƙotar kawai ake biya.

A can Taal kuwa sana'ar tana nan, sai dai da ƙyar. Masu yi sun ragu, tsofaffi sun fi yawa, samari sun gwammace aikin masana'anta ko tafiya ci-rani ƙasashen waje, abin da mutanen Filifin suka yi fice a kai. A kan teburan bakin titi, ta gida mai ƙahon ɓauna tana kwance gefe da gefe da ta zubi da aka shigo da ita daga waje, baƙon da bai sani ba kuma mai ƙyalli da araha yake ɗauka. Masu sayen ta gidan yawanci 'yan yawon buɗe ido ne da suka zo ganin babbar majami'ar garin da tsofaffin gidajen zamanin Sifen. Ranar 12 ga Janairun 2020 dutsen Taal ya sake tashi, toka ta rufe garuruwan kewaye, hukuma ta kwashe mutanen garin ta rufe hanyoyin shiga. Sun dawo ke nan suna share toka daga rufin gidaje, sai a watan Maris aka kulle tsibirin Luzon gaba ɗaya saboda annobar korona, titin da masu saye ke bi ya yi wata da watanni babu baƙo.